Wa Ke da Iko da Tagar Tsohon Gida?

Da zarar an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, ragowa ta tafi kasuwa, aikin da ke biyo baya a garuruwan Karaye da Rogo shi ne gyaran gida. Wani zai ɗora kwano a ɗakin da ya gaji da yi wa yaɓe duk shekara. Wani zai shafe katangar waje da siminti. Wani kuma magini zai kira ya fasa masa bangon soro, a cire 'yar tagar nan da kan mutum ba ya shiga, a kafa ta alminiyom mai gilashi da raga. Babu mai tambayarsa takarda. Ko mai unguwa ne ya zo wucewa, iyakarsa ya ce Allah ya sanya alheri.

A wasu ƙasashe wannan aiki na yini guda yana iya kai mutum gaban alƙali. A Ingila akwai gine-gine fiye da 370,000 da gwamnati ta sanya cikin rajistar kayan tarihi, da yawansu kuma gidaje ne da mutane ke kwana a ciki. Dokarsu ta 1990 ta mai da shi laifi mutum ya sauya kamannin irin wannan gida ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, kuma taga na cikin abubuwan da aka fi rigima a kansu. Mai gida yana son ya cire tsohuwar tagar katako da sanyi ke kurɗowa ta cikinta, ya sa ta roba mai gilashi ruɓi biyu don ya rage kuɗin ɗumama ɗaki. Jami'in hukuma kuma ya ce tagar ita ce fuskar gidan. To amma in an hana shi, magana ba ta ƙare ba. Yana da wata 6 ya ɗaukaka ƙara zuwa wata hukuma dabam wadda ba ta ƙarƙashin wadda ta hana shi. Ita za ta naɗa sufeto, ya karanta hujjojin ɓangarorin biyu, ya zo ya ga gidan da idonsa, sannan ya rubuta hukunci da dalilansa. Wani lokaci mai gida ya yi nasara, wani lokaci hukuma. A Faransa kuwa, wanda gidansa ke cikin mita 500 daga wani ginin tarihi sai ya ji ta bakin masanin gine-gine na gwamnati kafin ya taɓa fuskar gidan, shi ma da inda ake kai kuka in ba a gamsu ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Sai dai ta iso ƙasashen ginin ƙasa irin namu tun tuni, kuma da ta iso ba ta zo da sauƙi ba.

Garin Jenne na ƙasar Mali, mai masallacin nan na ginin ƙasa da ya fi kowane irinsa girma a duniya, ya shiga jerin kayan tarihi na hukumar UNESCO a 1988. Abin da aka kare ya wuce masallacin, ya haɗa da tsohon garin da gidajen jama'a. Daga nan mutanen gari suka fara gane cewa suna yana da tsada. Mutum yana son ya faɗaɗa ɗaki, ya daɓe ƙasa da siminti, ya buɗe taga, ya yi banɗaki irin na zamani, sai a ce tsarin gidan da fuskarsa ba sa taɓuwa. Baƙi suna zuwa ɗaukar hoto, mai gida yana zaune a ɗaki mai duhu. A 2006, da ma'aikatan gidauniyar Aga Khan suka hau rufin masallacin don duba shi kafin gyara, ba tare da an wayar da kan jama'a yadda ya kamata ba, gari ya hargitse, aka yi ɓarna. Fushin wannan rana ya taru ne shekara da shekaru. A 2016 kuma UNESCO ta sanya Jenne cikin wuraren da ke cikin haɗari. Tsananin ƙa'ida bai hana gidaje zubewa ba, domin wanda aka hana gyara yadda yake so, kuma ba a ba shi kuɗin gyara yadda ake so ba, barin gidan yake yi damina ta yi masa hukunci.

Kusa da mu akwai Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga wannan jeri a 2013, da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27. Can ma abin da masu kula da garin ke fama da shi kenan: bulo da siminti da ƙofofin ƙarfe suna shigowa unguwanni a hankali, gida bayan gida.

A Najeriya doka tana nan a rubuce. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM. A ma'anar dokar, aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918 yana iya shiga sahun kayan tarihi. In hukumar ta ga wani abu ya cancanci kariya, sai ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, ta kuma aika wa mai shi kwafi. Duk mai ƙorafi yana da wata 2 ya shigar. Daga nan sai a miƙa wa shugaban ƙasa buƙatar tare da ƙorafe-ƙorafen, shi ne mai ayyanawa. In an ayyana, mai abu yana da haƙƙin diyya, in kuma an saɓa a kan adadinta sai kotu.

A lura da inda ƙofar kuka take a wannan tsari. Ƙorafin mai gida yana bi ne ta hannun hukumar da ke neman gidan nasa. Kuma dokar ta fi karkata ga karɓe abu a biya diyya, fiye da barin mutum a gidansa a yi ta daidaitawa da shi kan taga da ƙofa da indararo. Watau an rubuta ta ne da tunanin ganuwa da hasumiya da kogon dutse mai zane, ba gidan da ake girki a cikinsa ba. Shi ya sa jerin kayan tarihin ƙasa ya daɗe yana tsaye a 65. A jihar Kano akwai Gidan Makama da ganuwar birni da tsohon masallacin Haɓe na Bebeji. Ba gidan talaka ko ɗaya daga Karaye ko Rogo a ciki.

Akwai doka ta biyu da ta fi kusa da abin da muke magana, wato dokar tsara birane mai lamba 88 ta 1992. Ita ta tanadi a riƙa rubuta gine-gine masu daraja ta tarihi ko ta fasahar gini, a nemi izini kafin a rushe su ko a sauya su, ta kuma tanadi kotu ta musamman da wanda bai gamsu da hukuncin masu tsara gari ba zai je. Amma a 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Nauyin ya dawo kan kowace jiha. A Kano hukumar KNUPDA ce mai ba da izinin gini, hankalinta kuma yana kan birni da kewayensa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha tana Gidan Ɗan Hausa, gidan da Hanns Vischer ya zauna a farkon zamanin Turawa. Daga can zuwa lungunan Rogo, kan iyakar Kaduna da Katsina, tafiya ce mai nisa, a hanya da kuma a takarda.

Ko a birnin ma, abin da ya fi cin kayan tarihi ba mai gida mai son taga ba ne. Ganuwar Kano, wadda aka faro zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa, tana cikin jerin jiran UNESCO tun 2007, ga shi kuma an yanka wurare da yawa a jikinta an yi shaguna da gidaje. A 2010 gwamnatin jiha ce da kanta ta rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, hukumar NCMM tana kuka, daga baya aka gina sabuwa. Hukumar da ba ta iya kare ƙofar birni daga katafila ba, da wane ido za ta kalli manomi ta ce kada ya taɓa tagarsa? Wannan tambaya ce da duk mai son a kafa irin wannan ƙa'ida a karkara zai sha, kuma tambaya ce mai kyau.

Duk da haka masu kare tsohuwar taga suna da hujjar da ta wuce sha'awar ido, kuma ya kamata a ji ta. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya isar da shi cikin ɗaki sai bayan sa'o'i, lokacin da waje ya fara sanyi. Da dare kuma ya saki abin da ya sha. Shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar ranar bazara, da ɗumi a daren hunturu. 'Yar tagar da magabata ke bari can sama kusa da rufi tana da aikinta a wannan lissafi: iska mai zafi sama take hawa, ta nan take fita, rana kuwa ba ta samun hanyar shigowa sosai. Gilashi akasin haka yake yi. Yana barin hasken rana ya shiga ya gasa daɓe da kaya, zafin kuma ya kasa fita. Wanda ya buɗe babbar tagar gilashi a bangon yamma ya sayo wa kansa zafin la'asar. Tagar alminiyom mai zamiya kuma, duk girmanta, rabinta kawai ke buɗewa.

Sai batun ƙarfin bango. Rufin soro nauyi ne da shi, ƙasa ce a kan azara, kuma bangon ne ke ɗauke da shi gaba ɗaya. In aka yanke masa faffaɗan gurbi, nauyin da ke bisa gurbin sai ya koma gefe biyu. Tsohon magini ya san wannan, shi ya sa yake shimfiɗa azara a saman gurbi ta shige cikin bango sosai dama da hagu. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma tana da iyakar tazarar da take ɗauka, ƙasa da mita 2 in babu tallafi, abin da ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don rufe manyan ɗakuna. Yaron birkila da ya koyi aiki a kan bulo yakan zuba linta ta kankare a kan ɗanyen bangon ƙasa, ya like gefen firam da siminti. Siminti da jar ƙasa ba sa kama juna. Bayan damina ɗaya ko biyu tsaga za ta fito a mahaɗarsu, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita, ƙasa ta yi ta jiƙa a ɓoye bayan shafen da ido ke gani lafiya lau. Makuba, da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, da laso mai katsin marina, suna kore ruwa amma suna barin bango ya bushe. Ginin ƙasa in ya gaji ba ya gargaɗi sosai. Wani ɓangare na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, aka rasa rayuka. Tsohon masallacin Damagaram ya zube a daminar 2024. Kowanne da nasa sanadin, amma duka biyun sun nuna cewa kula da tsohon gini batu ne na rai.

Mai gida shi ma ba don ƙyale-ƙyale kawai yake fasa bango ba. Ɗakin da mutum shida ke kwana, ga hayaƙin itace, ga zafi, yana bukatar iska fiye da wadda 'yar tagar nan ta sama ke bayarwa, kuma likitoci sun daɗe suna danganta cunkoso da rashin iska da yaɗuwar sanƙarau da tarin fuka. Ga sauro, musamman a garuruwan da ke kusa da ruwan dam ɗin Challawa da fadamun noman rani. Wani bincike da aka yi a Gambiya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2009, ya nuna cewa sanya raga a gida yana rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Uban da ya sa taga mai raga yana da hujjar da duk wani kwamiti zai yi wuya ya ture. A ganina, in aka zo zaɓi tsakanin kyan bango da jinin yaro, zancen ya ƙare. Sa'ar da aka yi ita ce ba kasafai zaɓin ke zama haka ba, domin raga tana kamuwa a jikin firam ɗin katako kamar yadda take kamuwa a na alminiyom, kuma tagogi biyu matsakaita masu fuskantar juna sun fi babba guda ɗaya jawo iska.

Abin da ake mantawa a wannan muhawara shi ne ƙasar Hausa ta daɗe da dokar taga, kuma tana aiki. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce wurin da aka hana mutum cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta leƙa masa gida, ko ƙofar da ke kallon tasa, ko haƙa ramin da zai yi masa lahani ko da a cikin mallakarsa yake. Littattafan Malikiyya sun kawo hukuncin da ake jingina wa Sayyidina Umar a kan tagar bene: a ajiye gado a ƙarƙashinta mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, in ba ya hangowa a bar ta. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan rigingimu, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda. A nan gida, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya sanya irin waɗannan mas'aloli cikin littafin da ya rubuta wa masu hukunci a ƙarni na 19.

Wannan tsari yana da abubuwa uku da dokar 1979 ba ta ba mai gida ba. Ma'auninsa kowa na iya gwadawa, gado ne da tsayuwar mutum. Wanda ke duba aikin masanin gini ne. Kuma akwai matakala: daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi ko alƙali, har gaban sarki. Bambancin kawai shi ne wanda ake karewa a can maƙwabci ne mai rai da zai iya zuwa ya yi ƙara, a nan kuwa ana kare jama'ar gari ne da waɗanda ba a haifa ba, su kuma ba su da mai shigar musu da ƙara sai hukuma.

Karaye tsohon gari ne mai ganuwa da sarauta mai dogon tarihi. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Bichi da Rano da Gaya. A watan Mayun 2024 aka soke wannan doka, a watan Yuli kuma aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Duk wanda ya bi wannan kai-komo ya ji yadda kowane ɓangare ke kafa hujja da tarihi. Tarihin kuwa wani ɓangarensa a tsaye yake a lungu: zaurukan gidajen sarauta da na malamai, tsoffin masallatan unguwa, ragowar ganuwa, soraye masu zankwaye. Sabuwar daraja ma tana iya zame musu barazana, don an saba nuna ci gaba da rushe na ƙasa a zuba na kankare. Z. R. Dmochowski, masanin nan ɗan ƙasar Folan da ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiyar Najeriya, ya ga inda aka dosa tun da wuri, shi ya sa ya jagoranci gina kwafin wasunsu a gidan tarihi na Jos. Kwafi dai kwafi ne.

In masarautar da ƙananan hukumomin biyu za su yi wani abu, ni dai ba na ganin hani ne farkon abin yi. Farko a san abin da ake da shi: a zaga da magina da dattawan unguwa, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta 'yan gine-ginen da kowa ya yarda sun cancanta. Ba za su yi yawa ba, kuma kada a bari su yi yawa. A cikinsu ma abin da za a kare ya tsaya a abin da mai wucewa ke gani, wato zaure da fuskar soro da katangar waje. Cikin gida, inda mata da yara ke yini, na masu shi ne, su sa irin tagar da suka ga dama muddin ba ta leƙa maƙwabci. Gidan Bahaushe da ma a haka yake rabe, kuma wannan rabo yana warware mafi yawan rigimar da ta addabi Jenne.

Sannan kafin a hana mutum na farko, a kafa inda zai kai kuka. Duk hukunci ya zo a rubuce, da Hausa, da dalili. A yanka wa hukuma wa'adi, in ya wuce ba ta amsa ba a ɗauka ta yarda, saboda magini ba ya jira kuma damina ba ta jira. Masu sauraron ɗaukaka ƙara su zama dabam da waɗanda suka yanke hukuncin farko, a samu magini a cikinsu da ma'aikacin lafiya da malamin fiƙihu, kuma su taka su je gidan. Ƙofar babbar kotu ta kasance a buɗe bayan haka. Wanda zai ɗaukaka ƙara kuma a ko'ina yake, abin da ke cin shari'a iri ɗaya ne: ya nuna tsohuwar tagar ta lalace ko tana cutar da mazauna, ya kawo shaidar magini, ya nuna ya nemi mafita ta tsakiya, ya kuma kawo misalin wasu gidajen da aka bari suka yi irin abin da yake nema.

Saura kuɗi, kuma nan ne yawancin irin waɗannan shirye-shirye ke mutuwa. Azara ta yi tsada, don giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ana kuma saranta fiye da yadda ake shuka ta. Maginan da suka iya ɗaurin guga da haɗa makuba suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo, don can aiki yake. Mai alminiyom yana bakin titi, zai auna yau ya kawo jibi. Kwamitin da ya ce wa mutum kada ya sa alminiyom a zaurensa, bai nuna masa kafintan da zai yi masa ta katako mai raga ba, bai kuma cika masa bambancin farashi ba, zai sha kaye a ɗaukaka ƙara ta farko, kuma daidai ne ya sha.